Tuƙa jirgin ruwa cikin maye

Tuƙa jirgin ruwa cikin maye shi ne mutum ya ja jirgin ruwa ko kwalekwale alhali giya ko wata ƙwaya ta taɓa hankalinsa har ta rage masa iya sarrafa jirgin. A ƙasashe da dama wannan laifi ne mai zaman kansa ko da ba a yi haɗari ba, kuma hukuncinsa yana ƙaruwa idan wani ya ji mummunan rauni ko ya rasa ransa. A Arewacin Najeriya dokoki iri uku ne ke haɗuwa a kansa: kundin laifuffuka na Final Kod, da dokokin shari'ar Musulunci a jihohin da ke aiki da su, da dokokin tarayya na sufurin ruwa da na miyagun ƙwayoyi. Batun ya shafi yankuna irin su gabashin Jihar Sakkwato, inda mutanen ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni da Goronyo ke dogaro da fito wajen zuwa kasuwa da gona da asibiti a lokacin damina.

Rukunan laifin

Masana doka sukan raba laifin gida uku bisa ga abin da ya haifar. Na farko shi ne tuƙi cikin maye kawai, ba tare da an cutar da kowa ba. Na biyu shi ne tuƙi cikin maye da ya jawo rauni, musamman mummunan rauni. Na uku shi ne wanda ya jawo mutuwa. Kowane mataki ya fi na bayansa nauyin hukunci.

Kafin a kama mutum da mataki na biyu, mai gabatar da ƙara sai ya tabbatar da abubuwa huɗu: cewa wanda ake tuhuma shi ne ke jan jirgin a lokacin, cewa yana cikin maye ko ya yi ganganci, cewa wani ya ji raunin da doka ta kira mummuna, sannan cewa halin da matuƙin yake ciki ne ya jawo raunin. Rukuni na huɗu shi ne ya fi wuyar tabbatarwa. Idan guguwa ce ta kifar da jirgin, ta yadda ko matuƙi mai cikakken hankali ba zai iya tsare shi ba, to za a iya hukunta mutum a kan shan abin maye, amma ba za a ɗora masa alhakin raunin ba.

Yadda maye ke shafar matuƙi

Giya tana rage saurin yanke shawara, tana raunana gani musamman da almuru da dare, tana kuma taɓa sashen cikin kunne da ke riƙe da daidaiton jiki. Wannan ya fi haɗari a kan ruwa fiye da kan tudu, domin jirgi ba shi da birki, kuma mai fito yakan yi aikinsa a tsaye, da gora ko filafili a hannu, a kan abin da ke rawa ƙarƙashinsa. Zafin rana da ƙarar inji da kaɗawar igiyar ruwa suna gajiyar da jiki tun kafin a sha komai, sai mayen ya zo ya ƙara a kai. Wanda ya faɗa ruwa yana cikin maye yakan kasa gane sama da ƙasa, jikinsa kuma yana saurin yin sanyi saboda giya tana buɗe hanyoyin jini na fata.

A ƙasar Hausa abin da ya fi yawa tsakanin masu aikin ƙarfi shi ne ƙwayoyi, irin su taramol da maganin tari mai kodin da tabar wiwi. Mutane da yawa suna shan taramol da nufin kashe gajiya, amma idan ta yi yawa tana kawo jiri da gyangyaɗi, wani lokaci har da farfaɗiya. Binciken shan ƙwayoyi na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Najeriya cikin shekarar da ta gabaci binciken.

Raunukan da aka fi samu a haɗarin jirgin ruwa sun haɗa da yankan farfelar inji, da karaya, da buguwar kai, da lalacewar ƙwaƙwalwa ga wanda ya nutse aka ceto shi a makare. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan kimanin minti huɗu zuwa shida babu iska.

Fito a ƙasar Gobir

Kogunan Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga kudu su haɗu a yankin Isa da Sabon Birni su zama Gulbin Rima, Gulbin Maraɗi kuma yana shigowa daga Jamhuriyar Nijar ya zuba a cikinsa. Daga nan Rima yana bi ta madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ya wuce ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato. Da rani yawancin waɗannan koguna yashi ne da ake takawa da ƙafa. Da damina kuwa, musamman a watannin Agusta da Satumba, fadamu sukan cika su yanke ƙauyuka daga manyan garuruwa. A irin wannan lokaci mazauna gundumomin karkara kamar Tozai da ƙauyukan bakin gulbi sukan buƙaci mai fito kafin su kai ga titi.

Fito tsohuwar sana'a ce da ake gada a gidajen masunta, kuma a al'ada Sarkin Ruwa ne ke da faɗa a ji kan wanda zai sa jirgi a ruwa da lokacin da bai kamata a ƙetare ba. Jiragen na katako ne, wasu ana tura su da gora, wasu an ɗaura musu inji a baya.

Jihar Sakkwato da maƙwabtanta sun sha fama da kifewar jirage. A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Warrah a Jihar Kebbi da fasinjoji fiye da 150. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 aƙalla mutum 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sun rasu a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. A watan Afrilu 2022 mutum 29 daga ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari sun rasu, sannan a watan Mayu 2023 yara 15 daga Dandeji a wannan ƙaramar hukuma suka rasu a kan hanyar zuwa neman itace. A ranar 17 ga Agusta 2025 jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a Kojiyo a kan hanyar kasuwar Goronyo. A cikin daminar 2025 kuma an samu kifewar kwalekwale a ƙaramar hukumar Sabon Birni, ɗauke da mutanen da ke tsere wa harin 'yan bindiga.

Dalilan da hukumomi suka fi ambata a waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da kima, da tsufan jirage, da rashin rigunan kariya, da tafiyar dare, da kututturan da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Sassan dokar da ke hukunta mai tuƙi cikin maye su ne dai ke hukunta mai lodin ganganci, domin dukkansu suna ƙarƙashin babin sakaci.

Hukunci a Final Kod

Majalisar Jihar Arewa ta zartar da Final Kod a 1959, ya fara aiki ranar 30 ga Satumba 1960. An tsara shi a kan kundin Sudan, wanda shi ma ya samo asali daga kundin Indiya na 1860. Jihohin Arewa sun gaje shi, wasu kuma sun sabunta nasu. Jihar Sakkwato ta yi sabon kundi a 2019. Lambobin sassa da tsawon ɗaurin da aka kawo a nan na kundin asali ne, wanda sabbin kundayen suka ginu a kansa.

Kundin bai ware wani sashe mai suna tuƙa jirgi cikin maye ba. Ana gurfanar da matuƙi ne a ƙarƙashin sassan rauni da kisa da shaye-shaye.

Sashe na 241 ya lissafa abin da ake kira mummunan rauni:

- kashe wa namiji mazakutarsa;
- rasa ganin ido, ko jin kunne, ko magana har abada;
- rasa wata gaɓa ko mahaɗar gaɓa;
- lalata amfanin gaɓa har abada;
- ɓata kamannin kai ko fuska har abada;
- karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori;
- duk raunin da ya jefa rai cikin haɗari, ko ya sa mutum ya yi kwana 20 cikin matsanancin ciwo ko ya kasa harkokinsa na yau da kullum.

Duk raunin da bai shiga wannan jeri ba, rauni ne na gama-gari. Saboda haka rahoton likita yana da nauyi sosai, domin shi ke nuna ko raunin ya kai wannan matsayi.

Sashe na 253 ya tanadi hukunci ga wanda ya ji wa wani rauni ta hanyar aikin ganganci ko sakaci da ke jefa rayukan mutane cikin haɗari. Idan raunin na gama-gari ne, ɗaurin yana iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyu. Idan mummunan rauni ne, yana iya kai shekara biyu. Idan aka rasa rai, tuhumar takan koma kisan da ba a yanke masa hukuncin kisa ba, kamar yadda sashe na 222 ya bayyana game da mutuwar da ganganci ko sakaci ya jawo. Sashe na 224 ya ba kotu ikon yanke ɗaurin rai da rai, ko abin da ya gaza haka, ko tara, ko a haɗa. Tazarar da ke tsakanin shekara biyu da rai da rai tana da faɗi, alhali sau da yawa abin da ya raba rauni da mutuwa a ruwa bai wuce mintocin da aka ɗauka kafin ceto ba.

Maye ba ya zama uzuri ga wanda ya sha da ganin damarsa. Sashe na 44 ya ce ana ɗaukar mai maye a matsayin wanda ya san duk abin da zai sani da a ce bai sha ba. Sashe na 52 ne kaɗai ya buɗe ƙofa, ga wanda aka ba abin maye ba da saninsa ba ko aka tilasta masa, har ya kasa gane abin da yake aikatawa. Kariyar tsautsayi da ke sashe na 48 kuma tana aiki ne idan mutum yana yin halattaccen aiki ta halattacciyar hanya tare da taka-tsantsan ɗin da ya kamata, sharaɗin da mai jan jirgi cikin maye zai yi wuya ya cika.

Sassa na 401 zuwa 403 sun shafi shaye-shaye shi kansa. Na 403 ya haramta wa Musulmi shan duk abin da ke da giya in ba don magani ba, da ɗaurin da bai wuce wata ɗaya ba ko tara. Sashe na 78 ya ba kotu damar umartar wanda aka kama da laifi ya biya wanda ya cuta, ko a madadin wani hukunci ko a ƙari a kansa.

A Kudancin Najeriya, inda ake aiki da Kiriminal Kod, sashe na 343 ya ambaci jirgin ruwa da sunansa: wanda ya tuƙa jirgi ko ya taimaka wajen tuƙa shi da ganganci ko sakaci har ya jefa rai cikin haɗari yana fuskantar ɗaurin shekara ɗaya.

Hukunci a shari'ar Musulunci

Jihar Zamfara ta fara aiki da kundin laifuffuka na shari'a a watan Janairu 2000, Sakkwato kuma ta bi sahu a zamanin Gwamna Attahiru Bafarawa. Waɗannan kundaye suna aiki ne a kan Musulmi a kotunan shari'a, kuma sun ginu a kan mazhabar Malikiyya. A wannan mazhaba wanda ya sha abin maye ya ja jirgi ya raunata wani yana fuskantar haƙƙi biyu daban: haƙƙin Allah a kan shan, da haƙƙin wanda aka cuta a kan raunin. Ɗaya ba ya kankare ɗaya.

Haddin shan giya bulala 80 ne, ko mutum ya bugu ko bai bugu ba. Ana tabbatar da shi da iƙirari ko shaidar adilai biyu, kuma Malikiyya sun yarda da shaidar waɗanda suka ji warin giya a bakin mutum. Malaman mazhabar, musamman Alƙarafi, sun bambanta abin da ke bugarwa tare da nishaɗi, da abin da ke dagula hankali, da abin da ke sa barci. Haddi yana kan na farko. Sauran biyun horon ta'aziri ne, wanda alƙali ke ƙayyadewa gwargwadon abin da doka ta ba shi.

Game da rauni, wanda ya bugu da ganin damarsa ana ɗaukarsa kamar mai hankali. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a makarantun zaure na ƙasar Hausa, ya nuna cewa maye ba ya kuɓutar da mai kisa daga ƙisasi. Amma haɗarin jirgi galibi ba niyyar cutarwa a cikinsa, don haka yana faɗawa cikin kuskure, wanda hukuncinsa diyya ce.

Cikakkiyar diyya raƙumi 100 ne, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Idan aka ɗauki dinari a kan giram 4.25, cikakkiyar diyya ta kama giram 4,250 na zinariya. Raunuka suna da nasu kaso:

- gushewar hankali, ko ji, ko magana, ko idanu biyu, ko hannaye biyu: cikakkiyar diyya;
- ido ɗaya, ko hannu ɗaya, ko ƙafa ɗaya: rabin diyya;
- raunin da ya kai ga kwanyar ƙwaƙwalwa, ko wanda ya huda cikin jiki: sulusin diyya;
- yatsa ɗaya: raƙumi 10;
- haƙori ɗaya, ko raunin kai da ya bayyana ƙashi: raƙumi 5.

Raunin da ba a ƙayyade masa kaso ba, alƙali ne ke ƙiyasta shi bayan ya warke, gwargwadon naƙasar da ya bari. A raunin kuskure, idan abin biya ya kai sulusin diyya ko ya fi, dangin mai laifi na wajen uba ne ke ɗaukarsa, cikakkiyar diyya kuma ana biyanta cikin shekara uku. Abin da ya gaza sulusi yana kan dukiyar mai laifin. Idan an rasa rai, akwai kaffara a kansa, wadda a yau take nufin azumin wata biyu a jere. Wanda aka raunata, ko magadan mamaci, suna da ikon yafewa ko yin sulhu.

Malaman fiƙihu sun tattauna batun jirage tun da daɗewa. A Muhtasar na Halil an bambanta karon mahaya biyu da karon jirage biyu: mahaya ana ɗauka suna da iko da dabbobinsu, jirage kuwa ana ɗauka ruwa ko iska ne suka rinjaye su, sai idan ya tabbata cewa matuƙan suna iya kaucewa ba su kauce ba. Wannan sassauci na wanda ruwa ya fi ƙarfinsa ne. Wanda ya yi sakaci, ta hanyar maye ko lodin da ya wuce ƙa'ida, lamuni yana kansa.

Dokokin tarayya

Tsarin mulkin 1999 ya sa sufuri a Kogin Kwara da rassansa cikin abubuwan da majalisar tarayya ce kaɗai ke yi wa doka. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, an kafa ta da dokar soja mai lamba 13 ta 1997, hedikwatarta tana Lokoja, kuma Gulbin Sakkwato yana cikin kogunan da dokar ta lissafa. Ita ke rajistar jirage da ba matuƙa lasisi. Tun daga 2023 tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku. A watan Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a shari'ar da ta haɗa hukumar da takwararta ta Jihar Legas, cewa ikon kula da hanyoyin ruwa na cikin gida yana hannun gwamnatin tarayya.

Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun wajabta sa rigar kariya, sun hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare. Hukumar ta ɗauki jami'an sa ido a tashoshin jirage, ta kuma sha gargaɗin matuƙa game da giya da ƙwayoyi. Karya waɗannan ƙa'idoji laifi ne a karan kansa, kuma yana zama hujjar sakaci idan aka gurfanar da matuƙi a kan rauni ko kisa.

Idan abin da aka sha haramtacciyar ƙwaya ce, dokar hukumar NDLEA ta 1989 tana shiga, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan tuhuma. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga mallaka ko amfani da hodar ibilis da makamantanta. A watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Akwai kuma hukumar NSIB, wadda dokar 2022 ta ba ikon binciken haɗurran sama da jirgin ƙasa da na ruwa. Aikinta gano musabbabi ne don hana maimaituwa, gurfanarwa kuwa aikin 'yan sanda ne da ma'aikatar shari'a.

Tabbatar da laifi a kotu

Sashe na 36 na tsarin mulki ya ɗauki duk wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, ya kuma hana hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta shi a doka ba. Dokar shaida ta 2011 ta ɗora wa mai gabatar da ƙara nauyin kawo hujjar da ba ta bar kokwanto mai ma'ana ba.

Babbar matsalar ita ce lokaci. Hanta tana rage giyar da ke cikin jini da kimanin giram 0.015 a kowace mililita 100 cikin awa ɗaya, don haka gwajin da aka yi washegari ba ya nuna halin da mutum yake ciki lokacin haɗarin. A ƙauyukan bakin gulbi hankalin kowa yakan koma ga ceto da jana'iza, asibitin da zai iya gwaji kuma yana da nisa. Gwajin fitsari yana nuna an sha ƙwaya a kwanakin baya, amma ba ya nuna ko tana aiki a jiki a daidai lokacin. Shi ya sa shari'ar takan dogara da shaidun ido: fasinjojin da suka tsira, da masu lodi, da waɗanda suka ga matuƙin yana tangaɗi ko suka ji wari a bakinsa.

Sau da yawa matuƙin da fasinjojinsa 'yan gari ɗaya ne, ko ma dangi, kuma iyalai sukan zaɓi sulhu a gaban hakimi ko limami a kan zuwa kotu. Sulhu yana iya rufe batun diyya, amma a laifin da ya kai ga rasa rai babban lauyan jiha ne ke da ikon ci gaba da tuhuma ko janye ta.

Misali

A ɗauka wani mai fito ya sha giya ranar kasuwa, ya ɗauki fasinjoji, ya daki ƙafar gada da rana tsaka ruwa yana kwance, wata mata ta faɗa ruwa farfela ta cire mata hannu. A kotun majistare za a iya tuhumarsa da jawo mummunan rauni ta hanyar ganganci, da shan giya idan Musulmi ne, a kuma umarce shi ya biya ta. A kotun shari'a zai fuskanci haddin sha, sannan a lissafa mata diyyar hannu, wadda danginsa za su taya shi ɗauka tunda ta kai sulusi. Ba za a yi masa shari'a sau biyu a kan laifi ɗaya ba, domin tsarin mulki ya hana. Mai jirgin da ya san halin yaronsa ya kuma miƙa masa jirgi, shi ma ana iya neman diyya a hannunsa.

A wasu ƙasashe

A Amurka dokar tarayya ta sa iyakar giya a jini a kan giram 0.08 cikin mililita 100 ga masu jiragen shaƙatawa, da 0.04 ga ma'aikatan jiragen kasuwanci. Rahoton rundunar tsaron gaɓar teku na 2023 ya nuna giya ce kan gaba cikin sanannun dalilan mutuwa a jiragen shaƙatawa, da kashi 17 cikin 100. A jihar Fulorida jawo mummunan rauni ta wannan hanya yana kai ga ɗaurin shekara 5, mutuwa kuma shekara 15, ko 30 idan matuƙin ya gudu bai taimaka ba. A Tekzas rauni yana jawo shekara 2 zuwa 10, mutuwa 2 zuwa 20.

A Kanada doka ɗaya ce ta haɗa mota da jirgin ruwa da jirgin sama da jirgin ƙasa. Tun daga Disamba 2018, tuƙi cikin maye da ya jawo rauni yana iya kai shekara 14, wanda ya jawo mutuwa kuma rai da rai. A wata shari'a a lardin Ontariyo kotu ta yanke cewa kwalekwalen da ake tuƙawa da filafili ma jirgi ne a idon doka, ta kuma ɗaure wani mutum shekara 6 a 2019 bayan wani yaro ɗan shekara 8 ya nutse. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2022.

A Birtaniya, bayan nutsewar jirgin Marchioness a Kogin Temza ranar 20 ga Agusta 1989, inda mutum 51 suka mutu, an yi dokar 2003 da ta sa wa ƙwararrun matuƙa iyakar giya da ɗaurin da ke kai shekara 2. Gyaran da aka yi a Manila a 2010 ga yarjejeniyar horar da ma'aikatan jiragen teku ta duniya ya sa iyakar 0.05 ga ma'aikatan da ke bakin aiki.

Muhawara

Masu neman a tsaurara doka suna cewa ɗaurin shekara biyu bai yi daidai da rasa hannu ko ido ba, kuma ya kamata a sa wa matuƙan jirage iyakar maye da ake aunawa, a hukunta su tun kafin haɗari ya auku. Wasu kuma suna ganin doka mai tsanani ba ta da amfani inda babu mai aiwatar da ita, domin yawancin mashigan karkara ba su da jami'i ko na'urar gwaji, masu fiton kuma talakawa ne da tara ba za ta gyara musu jirgi ba. A yankin Isa da Sabon Birni matsalar tsaro ta ƙara dagula lissafin: mai fiton da mutane suka cika wa jirgi da dare suna gudun 'yan bindiga ya karya ƙa'idar lodi da ta tafiyar dare, amma doka tana la'akari da larura, abin da ba ta yi wa wanda ya zaɓi shan abin maye.

Matakan da ake yawan ba da shawara a kai sun haɗa da rajistar jirage da matuƙa, da rubuta iyakar fasinjoji a jikin kowane jirgi, da raba rigunan kariya, da ba Sarakunan Ruwa da ƙungiyoyin masu fito ikon hana wanda ba ya cikin hayyacinsa ɗaukar fasinja, da gina gadoji a mashigan da suka fi cunkoso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma nahiyar Afirka ce ke da kaso mafi yawa idan aka auna da yawan jama'a. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa.

Duba kuma

- Gulbin Rima
- Sarkin Ruwa
- Diyya
- Final Kod
- Madatsar ruwa ta Goronyo